Kirarin da Na Yi wa Inusa

Ni na tsara wa ƙanena Inusa kirarinsa, tun yana ɗan shekara goma sha biyar yana kayar da sa'o'insa a yashin unguwarmu Kara-Kara. A lokacin ba ni da zance sai na kokowa, ko da yake ni kaina ko akuya ban taɓa kayarwa ba. Ƙarfina duk a baki yake. Na sha gudu daga lakwal, wato makaranta, don kallo, na hau bayan kamiyo, babbar motar kaya, har Maraɗi ciki wayam, na dawo murya a dishe. In aka ɗaga ƙato aka maka shi da ƙasa, ni ke fara tsalle. Ban taɓa tambayar yadda ya kai gida ba.

Yanzu na haura arba'in, ina zaune kan keken ɗinki da ƴaƴa huɗu. Bara Inusa ya faɗi ta ka a fili. Likita ya ɗaga mana hoton wuyansa, ya ce wata faɗuwa irin wannan tana iya kwantar da shi har ƙarshen ransa. Mahaifiyarmu, Inna Rabi, ta kulle warkinsa da gurayensa a akwati, ta ce ta ba ni amanarsa, tunda ni ne babba kuma ni na jawo. Tun daga ranar, in na je kallo wuyan mutane nake kallo, tsoro kuma ya cinye daɗin.

Da aka gama girbin gero aka sa kokowa a Tirmini, garin kakanninmu. Inusa ya roƙe ni mu je, kallo kawai. Ya sa kaftani har da hula don in yarda.

Da la'asar wani Suma'ila daga Zermu ya kayar da ƴan Tirmini uku a jere, ya shiga zagaya fili yana neman ko akwai saura. Nan Usman makaɗi ya hango Inusa, ya juya ganga ya ɗauki takensa. A wurinmu ɗan kokowa yana iya jin takensa ya daure, a ce ya girma. Amma in ɗan'uwansa na jini ya amsa da kirari, to zama ya ƙare, wanda ya zauna kuwa ya zubar da gidansu. Na riƙe hannun Inusa.

"Yaya, don Allah kar ka ce komai," ya faɗa a hankali.

Na daure. Wallahi na daure, har Suma'ila ya tsaya gabanmu, ya ɗebi yashi ya watsa a ƙafafunmu yana dariya. Sai na ji wata murya ta ɓarke, irin ta yaron nan na bayan kamiyo:

"Tudun Tirmini na Rabi, a hau ka da gwiwa a sauka da baya!"

Tawa ce. Fili ya ɗauka gaba ɗaya. Inusa bai ko dube ni ba, ya cire kaftanin ya ninke ya ɗora min a cinya, ya ari warki ya shiga.

Ba a daɗe ba. Ya ciccibi Suma'ila suka tafi ƙasa tare, gadon bayan Suma'ila ne ya riga taɓa ƙasa, amma na ga inda kan ƙanena ya bugu. Jama'a suka ɗaga shi sama ana guɗa. Ya ɗaga hannun dama, na hagu yana reto kamar tsumma a igiya. Ni kaɗai nake kallon wannan hannun, ina jin haushin kaina.

A kan moto ya ce in tafi a hankali, da hannu ɗaya yake riƙe da ni.

Labari ya riga mu gida. Inna tana tsaye bakin ƙofa, mabuɗin akwatin yana rataye a wuyanta. Ta taɓa hannun, ta ga bai ji ba. Ba ta yi masa faɗa ba, ni ta juyo ta kalla.

"Alkasum, wa ya kira shi?"