Yayan Cikin Wasa

Mudassiru na zaune a bakin gona yana jiran a sako ruwa, waya a hannu, yana kallon wasan kwaikwayon da ƙanensa Suhaibu ya turo daga Legas. Suhaibun ne ya rubuta, shi ne kuma jarumin. Turancin Mudassiru na sakandaren jeka-ka-dawo ne, ya daɗe da yin tsatsa, amma wannan wasa bai nemi tafinta ba. Saurayi ne a kan dandamali, namiji yake so, ga shi ma riƙe da hannunsa, kuma ba irin riƙon da abokai ke yi a kasuwar Kura ba.

Ya rage sauti, duk da babu kowa kusa sai balbela.

Shekara da shekaru yana nome wa Suhaibu gonar gadonsa, kullum Iya na cewa a ware shinkafar bikin auta. Shinkafar ta sha zuwa biki, duk na 'ya'yan wasu.

Sai ga yayan saurayin ya fito: tumbi, hula a karkace, kafin ya yi magana sai ya cire ta ya sosa sanƙo. Mudassiru ya tsinci hannunsa a kan nasa sanƙon, ya yi maza ya mai da hula. Yayan wasa ya nuna ƙofa, ya faɗa da Hausa tiryan-tiryan: "Daga yau ba ni da ƙane."

Waya ta yi ƙara.

"Yaya, ka gani?"

"Na gani. Ina kuka samo wannan mai tumbin? Ko fartanya bai iya riƙewa ba."

Suhaibu ya yi 'yar dariya. "Abin da ka gani ke nan?"

"Na ga sauran. Bai yi min daɗi ba, ba zan ɓoye maka ba, kuma ban san abin da zan ce da Iya ba." Ya nisa. "Amma waccan maganar ta bakin ƙofa, ni ban faɗe ta ba."

"Ba ka faɗa ba tukuna, Yaya. Shi ya sa na turo."

Ruwa ya kawo cikin lambatu yana turo busasshen ganye. Gona biyu ce, tasa da ta Suhaibu, mashiga ɗaya: wadda aka fara buɗe wa ita ke ƙoshi, ɗayar sai abin da ya rage. Mudassiru ya maƙale waya tsakanin kunne da kafaɗa, ya ɗauki fartanya.

"Yaya? Kana nan?"

"Ina nan. Kar ka kashe, gonarka nake ba ruwa."