Hannun da Ɗan Baba Ya Koya wa Ɗansa

A Madarunfa babu wanda bai san bakin Ɗan Baba ba. Yunwa biyu ta same shi ta bar shi tsaye. Kwalara ta ɗauke maƙwabtansa ta tsallake ƙofarsa. Bai taɓa zama a aji ba, amma shekara arba'in da ɗoriya yana kai kifin tabki Maradi bisa keke, ko ƙwarzane mota ba ta yi masa ba. Sirrin kuwa bai ɓoye wa kowa ba: hannun hagu yake bi, ido cikin ido da motoci.

"Wanda ya ba mota baya ya ba mutuwa baya," haka yake cewa a majalisa. "Ni sai na ga abin da zai kashe ni."

Haka ya koya wa ɗansa Hamisu tun ƙafarsa ba ta kai feda ba.

Ranar wata Talata da hantsi suka fita tare, kowa bisa kekensa, Hamisu a gaba da kwandon kifi, tsohon a baya. Kafin Safo akwai wata kwana inda ruwan damina ya cinye gefen kwalta ya bar rami. Nan kamiyo, babbar motar kaya, ta ɓullo da lodin albasa. Hamisu ya gan ta sarai, kamar yadda ubansa ya ce zai gani, sai dai babu inda zai sauka. Kafin azahar an yi masa sutura.

Kwana uku Ɗan Baba bai yi kuka ba. Abu ɗaya ya riƙe: sai an rubuta a takardar hukuma cewa ɗansa ba shi da laifi, direba ne ya kashe shi. Ya yi wa Ɗelu, uwar Hamisu, alkawarin haka.

A ofishin jandarma ya tarar da direban, wani Aminu, zaune bisa benci, idanunsa sun kumbura. Ɗan Baba ko kallonsa bai yi ba.

"Baba, Allah ya jiƙan shi," in ji jandarman. "Kai kaɗai ka gani. Direba ya ce ɗanka hannun hagu yake. Haka ne?"

Tsohon ya gyara zama, har da ɗan murmushi. "To da ina zai bi, ɗana? Hamisu ba sakarai ba ne. Hagu yake, daram, gaba da gaba da mota. Ni na koya mishi da hannuna."

Jandarman ya ajiye biro. "Baba, ka ji abin da na tambaye ka kuwa?"

"Kunnena ya fi naka. Rubuta. Tun ba a haifi ubanka ba nake bin hagu. Ga ni, ko yatsa ban rasa ba."

"Keke abin hawa ne, Baba, kamar mota. Doka ta ce dama zai bi, can gefe, shi da motoci su fuskanci wuri guda. Mai tafiya da ƙafa ne ke fuskantar mota."

"Wace doka? Wa ya faɗa mini?"

"Tana cikin littafi."

"Ni da ban taɓa shiga ajin lakwal ba?"

Jandarman ya jawo takardar gabansa. Ya ɗauki biro ya rubuta, ya juyo da takardar, ya nuna inda za a dangwala. Ɗan Baba ya daɗe yana duban layukan da ba ya iya karantawa. Ya san in ya ce ya ruɗe ne, tsufa ne, wataƙila a sake rubutu. Ya dubi Aminu a karon farko, ya ga sa'an Hamisu ne. Ya dangwala.

Aminu ya durƙusa. "Baba, ka yafe mini. Wallahi na taka burki."

"Tashi," in ji tsohon. "Na ji ƙararsa."

Ya fito ya kama kekensa, bai hau ba. Ya tura shi har gida, ta cikin yashi, nesa da kwalta.

Ɗelu na zaune bakin murhu da carbi a hannu. "Malam, sun rubuta?"

"Sun rubuta."

"Laifin wa suka ce?"

Ɗan Baba ya jingine keken a bango. Ya tsuguna yana cire ƙaya daga tayar gaba, ɗaya bayan ɗaya. Ɗelu ta sake tambaya.