Rajistar Hedimasta

Mutanen layin sun ce tsohon Hedimasta bai taɓa cewa "yi haƙuri" ba. Tela ya ce ko ƙafarka ya taka, sai ya tambaye ka dalilin ajiye ta a nan. Matarsa kuwa ta ce in ya yi maka laifi, iyakarta ya yi gyaran murya ya ba ka kujerarsa.

Ranar da za a rufe karɓar fom na makarantar koyon jinya da ƙarfe huɗu, tun da hantsi 'yarsa Auta ta zauna gaban kwamfutar falo, inda takardunta suke, shafin ya ƙi buɗuwa. Labarai na buɗuwa, hasashen yanayi na buɗuwa. Ta tsallaka shagon tela da wayarta ta gwada waifai ɗinsa, shafin ya buɗe tar.

"Aikin surukina ne," in ji Hedimasta. "Wata biyu ke nan ina faɗa. Tun da ya haɗa akwatin intanet ɗin nan na ga yana murmushi, na san bai iya ba."

Ƙarfe uku surukin ya iso yana gumi, ya durƙusa ya gaishe shi.

"Injiniya!" in ji Hedimasta. "Ga gwanintarka nan."

Surukin ya kashe akwatin ya kunna. Ya ɗora shi kan firji. Ya hau kujera ya ɗaga shi sama kamar mai nuna wa jama'a kofi. Shiru. Auta ta fara share hawaye da gefen mayafi.

"Baba, an canza lambar sirrin akwatin," in ji surukin. "Ba zan iya shiga cikinsa in duba ba."

"Wa zai canza? Aljanu?"

Mama tana guga a lungu. Ta kife dutsen gugar ta ce, "Ɗana, ɗaga kalandar nan."

A bayanta, da jan biro, ga lambar da rubutu mai kyau irin na allon aji.

Surukin ya shiga, ya sosa ƙeya. "Baba... akwai wani jeri a nan. An ce shafuka uku kaɗai za su buɗu. Labarai, yanayi, da ofishin fansho."

"Rajista ce," in ji Mama. "Lokacin da jikoki suka zo hutu suka dame shi da katun, ya yini guda yana latse-latse. Ya ce wanda ba ya cikin rajista ba ya shiga aji."

"To ai jikokin sun tafi tuntuni!" in ji Auta.

Hedimasta ya duƙufa yana goge gilashinsa.

Surukin ya share jerin. Shafin ya buɗe. Fom ya shige huɗu saura minti takwas, Auta ta yi tsalle har ta ture kujera.

Hedimasta ya yi gyaran murya. Ya miƙe ya nuna wa surukin kujerarsa. "Zauna."

"Malam," in ji Mama, "wata biyu kana kiran bawan Allahn nan Injiniya a gaban baƙi. Ba kujera yake jira ba."

Hedimasta ya yi wani gunaguni cikin gemu.

"Na baya ba su ji ba," in ji Auta.

Ya harare ta. Sannan ya gyara tsayuwa, ya sa hannu a baya kamar a taron safe, da muryar da tela ma ya jiyo daga shagonsa, ya ce:

"Laifina ne, ɗana. Ka yi haƙuri."