Tarkon Angku a Gonar Duriyan

Ranar da mai gari ya yi shela cewa doka ta hana tarkon ƙarfe mai haƙora, kowa ya miƙa nasa, kakana Angku Darwis ya kurɓi kofinsa, ya ce, "Nawa yana gona. A ɗane."

"A ina, Angku?"

"Gindin duriyan."

Na ce, "Madalla! Kifi ma yana cikin ruwa."

Gonarmu fa duk itatuwan duriyan ne, masu manyan 'ya'ya masu ƙaya da ƙamshi, tun daga rafi har kan tudu. Tun shekarar da aladen daji suka addabe shi ya ɗana abinsa, ya rufe da ganye, ya manta. Ga 'ya'ya sun fara faɗowa. Yayata Yusnidar kuwa ta rantse jibi za ta shiga tsinta, da tsohon cikinta, ƙafa ba takalmi, don a gidanmu ba a taka gonar kakanni da takalmi.

Da sassafe na jingine babur ɗin acaɓata, na sari gora. Hazo ya sauko har gwiwa, itatuwa kamar a kan ruwa suke tsaye. Angku yana gaba, fararen kayansa suna ɓacewa suna dawowa, yana gai da kowace bishiya da sunan wanda ya shuka ta.

"Ina kwana, Nurbaya," ya ce wa wata bishiya. Sunan kakata ne, ta daɗe da rasuwa.

"Angku, tambaye ta mana, ko ta ga inda ka ajiye haƙoranka. Na ƙarfen nake nufi, na bakin mun haƙura."

"Ɗan banza. Caka gorarka."

Na yi ta caka. Ƙamshin duriyan ya cika min kai har na fara jin kamar ina tafiya cikin barci. Birai suna kuka can nesa, a hankali, kamar masu kiran wani ya dawo gida.

Can Angku ya tsaya. Ya rufe ido, ya ɗaga ƙafarsa tsirara.

"Nan ne. Bari in taka. In zai ciji, ya ciji mai shi."

"Haba tsoho! Wa zai goya ka zuwa gida? Ni babur nake tuƙawa, ba ni ne babur ɗin ba."

Na janye shi baya, na soka gorar cikin ganyen.

Ƙau! Gorar ta tarwatse, hannuna ya mutu har kafaɗa. Duk wannan tsatsa, ashe abin bai yi barci ba. A tsakiyar 'yar hanyar yake, daidai inda 'ya'yan suke gangarowa su taru.

Na yar da ragowar gorar.

Angku ya durƙusa, ya tone sarƙar da yatsunsa, ya rungume tarkon a ƙirji, haƙoran ƙarfen suna riƙe da guntun gora. Ya daɗe yana kallon wurin.

"Je ka gaya wa Yusnidar," ya ce. "Ta shigo."