Ƙulli na Tamanin

"Sake faɗa mini, kwana nawa?"

"Ba kwana ba ne, Baba. Awa goma aka ce a jirgin sama, daga Kano har Jidda."

Alhaji Hammadu ya yunƙura a kan tabarmarsa, ya ƙura wa maƙwabcinsa Dalhatu ido kamar ya kama shi da ƙarya. Shi da ƙafa ya je Makka, tun Turawa ba su gama zama ba, shekara shida zuwa da dawowa. Ya bar Kibiya da amaryarsa Kulu, ya dawo shi kaɗai. Ga shi yau, shekara biyu kafin mulkin kai, manomin gyaɗa zai je can tsakanin asuba da la'asar.

Tsohon bai yi musu ba, tambaya ce dai ta ƙi ƙarewa. Jirgin yana yada zango? Ta kan Wadai yake bi? Ana ganin ƙasa? Dalhatu, wanda bai taɓa wuce Rano a mota ba sai sau biyu, ya yi ta amsawa da abin da ya ji a bakin kasuwa.

Ana jibi tafiya, tsohon ya zaro wata tsohuwar igiya daga gafakarsa. Ƙulli ɗari biyu ne a jikinta, kowane zango ƙulli guda. A na tamanin an ɗaura jan zare. Nan zazzaɓi ya kayar da Kulu, ayari kuwa bai jira ba. Suka baje igiyar a zaure, suka naɗe ta gida goma, kowane gida awa guda, jan zaren ya faɗo a ƙarshen awa ta huɗu.

"In awa huɗu ta cika, ka leƙa, ka yi wa Kulu sallama. Shekara hamsin ba wanda ya tsaya a kanta."

Dalhatu ya ari agogo wurin malamin asibiti. Tsoro ya hana shi taɓa abincin jirgi, amma bai hana shi duba agogon ba.

Da ya dawo, ya tarar jikin tsohon ya yi tsanani, ko kunu ba ya wucewa. Tun a hanya yake shirya ƙaryar da zai yi masa, domin gaskiyar ba ta da auki, kuma tausayin tsohon ya kama shi. Da ya durƙusa, sai ƙaryar ta ƙi fitowa.

"Na leƙa, Baba, na yi sallama, na yi Ƙulhuwallahu. Amma ban ga ƙasa ba. Gajimare ne kawai ya rufe ko'ina."

"Ko'ina?"

"Iyakar ganina."

Alhaji Hammadu ya lumshe ido.

"Alhamdu lillahi. Wurin ko ƙaya babu. A rana na bar ta."

Washegari da hantsi tsohon ya cika. Da aka dawo daga maƙabarta, Dalhatu ya shiga naɗe tabarmar, ya sami igiyar a ƙarƙashin matashi, an kwance jan zaren an ajiye shi a gefe.