Wuyan Jitar Lurwanu

A shekarar da aka jefa ƙuri'ar "i" da "a'a", Difa ƙaramin gari ce a bakin Komadugu, kuma duk wanda ya san kasuwarta ta Talata ya san Barau. Iyayensa daga Damagaram suka zo da fatauci, shi kuwa ya zama falken shanu. An shaide shi da ido. Idan aka tsayar da sa a gabansa, ba ya tambayar mai shi komai. Wuya yake kamawa, ya matsa, ya dubi tozo, sa'annan ya faɗi yadda dabbar za ta yi a hanya. Ya yi imani cewa abin da wuyansa ya yi kauri ba ya ba mai shi kunya.

Ƙanensa Lurwanu tsohon soja ne. Ya dawo daga yaƙin Indoshin da abu biyu: kiɗan jita, wanda ya koya a bariki wurin wani ɗan Senegal, da hannun hagu wanda ɓarɓashin ƙarfe ya taɓa. Hannun nan kullum yana cikin aljihun riga, kuma a gidansu ba a zancensa. Barau da kansa, tun ranar da ya tarye shi a mashigin kogi, bai taɓa sauke ido a kan hannun ba, domin a tarbiyyar da aka yi musu, ƙura wa raunin mutum ido cin fuska ne. A ganinsa kara yake yi wa ƙanensa.

Lurwanu ba ya iya riƙe hauya, ba ya iya ɗaure shanu. Amma da ya je Yarwa, babban birnin da ke can ƙetaren kogi, wani shugaban makaɗa da ke wasa a gidan rawa mai wutar lantarki ya ara masa jita, ya saurare shi, ya ce akwai gurbinsa in ya zo da tasa jitar mai lantarki kafin Kirsimeti. In bai zo ba, wani za a ɗauka. Tun dawowarsa daga soja, wannan ne aiki na farko da ya nemi hannun nan nasa.

A Kano ake samun irin jitar. Lurwanu kuwa dole ya bayyana da kansa gaban kumandan, Baturen mulki, a Maine saboda fansho, sai ya sa bajiminsa guda ɗaya cikin garken da Barau zai kora, domin a sayar a sayo masa. Ranar tafiya ya miƙa wa wansa wani guntun icen aduwa da ya sassaƙa ya goge.

Barau ya juya shi ya ce, "Muciyar tuwon wa ka sassaƙa?"

"Awon wuyan jitar ne, Yaya. Ka aza shi a jikin wuyanta. In kaurinsu bai zo ɗaya ba, ka bar ta, ko da zinariya aka yi ta. Ka lura da bayansa kuma, ba kewayayye ba ne, a shafe yake ta wajen babban yatsa."

Hamman, Bafillacen da ke kora wa Barau shanu, abokin wasansa tun suna samari, ya fashe da dariya. "Yau ga ranar da ake koya wa ɗan Damagaram zaɓen wuya! Soja, ka ƙara masa karatu, ni ya daɗe yana cutata."

Barau ya ce, "Rufe mana baki, ɗan daji." Ya jefa icen cikin burgame, suka kama hanya.

A Kano, bayan an sallami shanu, aka kwatanta musu kantin wani Bayarabe a Sabon Gari. Jita biyu masu lantarki ke rataye a bango. Barau ya fito da icen, mai kanti ya karɓa ya gwada, sai ya sauko da wata fara wadda ta ɗan sha hannu. Wuyanta siriri, bayansa a shafe, ya yi daidai da icen kamar tare aka sassaƙa su. Mai kanti ya ce, "Maigida, wannan ce taku."

Barau ya kama wuyan, bai cika masa hannu ba, yatsunsa suka haɗu har suka wuce juna. Ransa bai kwanta ba. Ya sa aka sauko da ɗayar, ja mai sheƙi, wuyanta kakkaura kuma kewayayye kamar ƙotar sabon gatari. Da ya damƙe shi, sai ya ji abin da yake ji idan ya kama wuyan lafiyayyen sa irin na Kuri, masu manyan ƙaho.

Mai kanti ya ce, "Wannan ta masu dogayen yatsu ce. Wanda ya sassaƙa icen nan ya san abin da yake so."

Barau ya ce, "Ƙanena soja ne, ya yi yaƙi a bayan teku. Kunya ce ta sa ya roƙi ƙarama, tun yana yaro haka yake. Ni ba zan shiga Difa da ramammiya ba, a ce na rage wa ƙanena."

Hamman ya taɓa shi da sanda. "Barau, ba yanka ta za a yi ba fa."

"Kai da ka san wuyan gora kaɗai, me ya kai ka?"

Mai kanti ya gargaɗe shi cewa abin da ya fita ba ya dawowa. Barau ya ce ya ji.

Sun iso Difa ran Talata, kasuwa ta cika. Akwai wani kamyo, babbar motar kaya, da ƴan siyasa suka yi yawon ƙuri'a da shi, har lokacin lasifikarsa tana ɗaure a kai. Barau bai ko shiga gida ba, ya roƙi direban ya jawo motar gindin tsamiyar bakin kasuwa, aka laluba aka haɗa wayar jitar da akwatin lasifika. Masu banda daga Bosso suka bar kwandunansu, matan Tumur masu nono suka matso da ƙorai a ka. Aka aika a kira Lurwanu.

Ya zo, ya durƙusa ya gai da wansa, ya yi masa barka da hanya. Barau ya yaye zanen da aka rufe jitar da shi, jama'a suka yi kabbara. Lurwanu ya dubi wuyan. Ya daɗe yana gyara zama. Daga bisani ya zaro hannun hagunsa daga aljihu, a gaban kasuwa duka.

Ran nan Barau ya fara ganin hannun. Babban yatsa a sandare yake, ba ya lanƙwasuwa. Ƙaramin yatsa da na kusa da shi sun ƙanƙance sun manne da tafi. Biyu kaɗai suka rage masu motsi, su ma sai tafin ya rungume wuya sarai kafin su kai ga tsirkiya. A wannan wuyan kuwa tafin ya tsaya a rabi. Lurwanu ya miƙa yatsun har jijiyar wuyansa ta tashi, ya kaɗa da hannun dama. Abin da ya fito daga lasifika ba kiɗa ba ne, wani ƙugi ne kamar na ƙwaro cikin tulu, kuma lantarki ya ɗauke shi ya kai har bakin kogi. Ya sake gwadawa, ya sake fitowa haka. Wata mai nono ta yi dariya, ta kama bakinta.

Lurwanu ya mai da hannunsa aljihu, ya ɗaga murya yadda kowa zai ji. "Jita ta yi kyau, Yaya, Allah ya saka da alheri. Batirin motar ne ya yi sanyi."

Direba ya zabura. "Batirina? Wallahi jiya na..."

Hamman ya taka masa ƙafa. "Ya yi sanyi, shofer. Ni ma daga nan ina jin sanyinsa."

Jama'a suka watse suna zagin batiri. Barau yana tsaye riƙe da zanen, ya rasa inda zai sa idonsa. Da Lurwanu ya zage shi a gaban mutane, da ya fi masa sauƙi. Kwana da kwanaki Barau bai fita kasuwa ba. Ko tuwo aka kawo, sai ya dubi hannunsa mai yatsu cikakku ya ture akushi. Komawa Kano ba ta da amfani, Kirsimeti kuma tana matsowa.

Wata safiya ya ɗauki jitar, da icen aduwar, da magagari, da fasasshiyar kwalba, ya sami Lurwanu a bakin kogi inda yake zama yana kallon masu jigo suna ba alkama ruwa. Barau ya zauna a ƙasa, ba a kan tabarmar da ƙanensa ke kai ba.

"Lurwanu, ba ni hannunka."

"Haba Yaya."

"Ba ni. Tun ranar da ka sauka daga jirgi ya kamata in roƙa."

Lurwanu ya miƙa. Barau ya riƙe shi da hannu biyu, ya bi kowane yatsa, ya matsa inda ke motsi da inda ya mutu, kamar yadda yake yi wa dabbar da zai sa dukiyarsa a kanta. Ya aza icen a tafin, ya ga yadda babban yatsan ya kwanta a shafaffen gefen. Muryarsa ta yi ƙasa. "Ashe ba kunya ce ta sa ka roƙi siririya ba."

"A'a, Yaya."

"Zan kankare wannan, yadda muke yi wa ƙota."

Lurwanu ya ce, "An ce akwai ƙarfe a cikin wuyan. In ka kai gare shi, ta mutu, ni kuma na zauna."

"Shi ya sa ba zan yi ni kaɗai ba. Ina kankara, kana kamawa."

Haka suka yi. Jan fentin da Barau ya yi alfahari da shi ya zube a kan yashi, farin ice ya bayyana. Yakan goga kaɗan, ya miƙa, Lurwanu ya kama ya ce, "Nan, ta wajen babban yatsa," ya karɓa ya ci gaba. Masu wucewa zuwa mashigi suna tsayawa su ga falken shanu zaune a ƙasa yana ɓata abin da ya tara kasuwa dominsa. Bai ɗaga kai ba. Hamman ya zo ya tsuguna, ya dubi ɓawon fentin ya ce, "To, ga ramammiyar da ka ƙi a Kano, da hannunka ka rame ta." Barau bai rama ba, Hamman kuwa bai ƙara ba.

Da rana ta karkata, magagari ya fara wata ƙara dabam, alamar icen da ya rage a kan ƙarfen ba shi da yawa. Barau ya janye hannunsa. Wuyan bai kai icen aduwar siranta ba, amma babu sauran abin da za a ɗebe. Lurwanu ya kama. Tafin ya rufe, ba duka ba, yatsun biyu dai suka sauka a kan tsirkiya. Ya kaɗa. Babu lasifika, sautin ɗan ƙarami ne, sai wanda ke kusa zai ji, amma kiɗa ne. Tsirkiyar can sama kaɗai ta gagare shi. Ya ce zai koyi zagaye ta.

Ranar da zai ƙetare zuwa Yarwa, Barau ya raka shi har mashigi, shi ya ɗauko jitar a kafaɗa, farin wuyanta a waje, bai yarda a rufe ta da zane ba. Da za su rabu Lurwanu ya miƙo dama. Barau ya karɓa, sa'annan ya kamo hagun ma ya haɗa.

Lurwanu ya yi shekaru yana kiɗa a Yarwa. Barau kuwa ya ci gaba da fataucinsa, sai dai masu kawo masa shanu sun lura da wani sauyi: yakan kama wuya kamar da, amma kafin ya yanke magana sai ya tambayi mai saye aikin da zai sa dabbar. Ranar Talata kuma, in zai shiga kasuwa, ba ya bi ta gindin tsamiya.