Rumbun Labbo da Wuta Ba Ta Ci

Shekara ta biyu ke nan damina tana yaudarar mutanen Tsamaye. Abin da ya rage wa kowa shi ne iri, 'yan dammunan geron da ko yunwa ba ta isa ta sa a taɓa ba.

A ranin nan ne Kalilu, ƙanen Labbo, ya zo daga jami'a da jarkar wani ruwa mai kauri kamar ƙaro. Roba ce da ya haɗa da kansa a ɗakin gwaji, da sinadarin fosfaras a ciki. Ya shafe rumbun wansa da ita tun daga jinka har ƙasa. Da ta bushe ya kara mata wuta. Wurin ya yi baƙi, ya kumbura, amma bai kama ba.

"Yaya, wuta ba ta cin shi, amma zahi na shiga," in ji Kalilu. "In gobara ta taso, ku hidda hatsin yadda anka saba."

Labbo kuwa rabin magana yake ji, rabin da ya yi masa daɗi. Har kasuwar Sabon Birni ya kai labarin. Maƙwabta suka yi ta kawo irinsu ajiya, shi kuma yana karɓa yana hura hanci.

Ranar da ake tsoro ta zo da azahar. Wuta ta tashi a wani madafi, iska ta kwashe ta, ta bi danga. A garin, in haka ta faru, yaye jinkar rumbu ake yi a jefo dammuna fili. Maza suka sheƙo rumbun Labbo don yin hakan, ya tare su.

"Kada wanda ya taɓa shi! Ku tai ku ceci ɗakunanku, wanga rumbu ba ya ƙuna."

Karan da aka tara a gindin rumbun ya ci wuta har la'asar.

Da hayaƙi ya lafa, ga rumbu tsaye, baƙi ƙirin. Aka yi kabbara. Labbo ya hau ya ɗaga jinka, ya ga dammuna ko ɗaya bai ƙone ba. Sai wani ƙamshi ya buge shi, ƙamshin tumu, gasasshen geron da yara ke rububi a kaka. Ya zura hannu cikin dami. Ya murje zangarniya ya tauna, ya ji garas-garas. Zafi ya gasa irin, ba zai tsiro ba.

Daga ƙasa tsohuwa Bilki, wadda dami ɗaya tak ta kawo, ta ɗaga kai tana murmushi.

"Malam Labbo, irin namu na nan lahiya?"

Can gabas hadari ya fara haɗuwa. Labbo ya kasa haɗiye abin da ke bakinsa.